Kwalekwalen da Yaya Ya Zaɓa

Ni da yayana masunta ne. A Tudun Wada muke zaune, a kogin Galma muke su, mu kifa ciki kan gora mu bi ruwa yadda mahaifinmu ya yi. Abu guda ya bar mana: tarun da ya saƙa da hannunsa, da shi muke ci da gida biyu.

Ana saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai, wani Ibo mai shagon kayan ƙarfe ya saye kayan wani Bature da zai koma gida, ciki har da ƙananan kwalekwale biyu na alminiyam. Ɗaya fes da koren fenti, ɗayan duk ya lotse kamar tsohuwar tasa. Muka je zaɓe.

Yaya ya dinga zagaya su yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne, yadda muke gwada gora. Koren ya yi amo, lotsattsen bai yi ba. Mai shagon bai cuce mu ba. Ya ce mu cika su da ruwa mu gani, domin irin wannan jirgi ta ƙusoshin haɗinsa yake yoyo, kunne ba ya jin wannan. Na raɗa wa Yaya mu yi hakan. Ya harare ni.

"Tun kana goye nake zaɓen gora," in ji shi.

Ga ni da mata da 'ya'ya, amma ƙane ba ya gyara wa wansa zance a gaban baƙo. Muka biya kuɗin koren. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take, domin tulu biyu na ruwa sun isa su raba gardama.

Da rani muka lallaɓa, ina kwalfewa da ƙwarya, Yaya yana cewa feshin ruwa ne. Da marka ta zauna Galma ta cika, taru ya jiƙe ya yi nauyi, ƙusoshin suka saki gaba ɗaya. Mu dai iyo ya fid da mu. Koren ya nutse da tarun mahaifinmu, ko igiyarsa ba mu sake gani ba.

Muna zaune a gaɓa muna haki, na jira ya ce ƙaddara ce, da na haƙura. Sai ya matse hularsa, ya dube ni.

"Kai da ka san zai yi yoyo," ya ce, "me ya hana ka magana?"