Ranar Da Muka Bi Baba Tom Neman Duwatsun Iyaka

A shekarar da aka sake buɗe filayen jirage bayan kullen korona ne ƙanena Sani ya aiko in je in gan shi a Ingila. Shi ya kawo ni Malesiya lokacin karatunsa. Da ya gama ya samu aiki a Ingila, ni kuwa na zauna a unguwar Taman Melati ta Kuala Lumpur ina dafa wa ɗalibanmu tuwo, su kuma suna koya mini karatu ran Asabar.

Tashi

Ina idar da sallar asuba na shiga tasi. Direban, wani Bamalaye mai barkwanci, ya dubi shaddata ya ce, "Ingila za ka da wannan rigar? Sanyi lah, bos!" Na ce masa boleh, wato zan iya. Ashe ba zan iya ba. Jirgi ya yini a sama, na sauka Landan haƙorana na haɗuwa, sai da Sani ya lulluɓa mini kwat ɗinsa sannan muka gaisa.

Ƙauyen

Daga Landan muka hau jirgin ƙasa, sannan wata ƙaramar bas ta kai mu ƙauyen da Sani ke haya. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Tumaki birjik, ba makiyayi. Na hango gida mai rufin ciyawa na ce, "Allah sarki, talaka ko'ina yana nan." Sani ya yi dariya ya ce, "Yaya, albashina na shekara ba zai yi wannan jinkar ba."

A tsakiyar gari akwai cocin dutse, kaburbura kewaye da shi, da wata bishiya da suka ce ta girmi cocin. Dutsen bakin ƙofar ya lotsa kamar dutsen niƙa, ƙafafun mutane kawai suka cinye shi. Na daɗe ina kallonsa. Sani ya ce kowane coci a nan da ƙasarsa, kamar gundumar dagaci, kuma tun zamanin da ba taswira mutanen gari kan zagaya iyakar da ƙafa don kada a manta.

Ranar zagaye

Maƙwabcin Sani, wani tsoho da muke kira Baba Tom, shi kaɗai ya rage da ya san mazaunin duwatsun iyakar goma sha biyu. An yi shekaru ba a zagaya ba, ƙaya ta rufe su, gwiwoyinsa kuma sun gama aiki. Ya ce wannan ne zagayensa na ƙarshe. Dutsen da bai nuna ba yau, ya tafi ke nan.

Na ja Sani gefe. "Wannan ba ibadarsu ba ce?"

"Addu'ar tasu ce, Yaya. Iyakar kuwa ta duk mai kwana a garin ce."

Muka fita da hantsi, kowa da tsumagiya, manya kuma da laujuna. In Baba Tom ya nuna wuri sai a share, a tsattsula wa dutsen bulala, a ɗaga yaro a kifa kansa a hankali a kai don ya riƙa tuna wurin, ana shewa. Limaminsu ya yi addu'a, mu mu koma gefe. 'Yar Baba Tom tana ɗaukar hoto da waya. Muka ƙetare rafi, muka ratsa gonar alkama, mai gonar da kansa ya buɗe mana kyaure. Da rana aka raba burodi da cuku da shayi. Tsohon ya ga ina juya cukun ya ce wa Sani, "Gaya wa yayanka ya ci, ba sabulu ba ne."

Wajen la'asar muka iso wani fili a bayan tudu. Baba Tom ya tsaya. Ya nufi gabas, ya dawo. Ya ce da akwai babbar bishiya a nan, ciwo ya kashe ta. Muka duƙufa da laujuna muna sheme ƙaya har hannuwa suka yi jini. Ba komai. Na miƙa masa kafaɗata ya dafa. Ya faɗi wata magana a hankali, Sani ya fassara mini: "A kan dutsen nan babana ya buga mini kai. Har yau ina jin zafin, amma wurin ya ɓace mini."

Muka tattara laujunanmu. Muka gangaro, ƙararrawar coci na kaɗawa.

Komawa

Bayan mako biyu na sauka Kuala Lumpur cikin ruwan sama mai ɗumi, ɗalibaina na jira da yunwa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Allah ya saka wa Sani, ya ba Baba Tom sauƙin gwiwa.

Duwatsu tara muka samu. Ɗaya kwalta ta hau kansa, ɗaya rafi ya tafi da shi, ɗaya kuma yana nan cikin filin, ba mai sanin inda yake.