Shekara Tara Bayan Yaya Hauwa'u, Na Juya Bayan Kwalin Man Goge Baki

Da azumin bana yayata Hauwa'u ta cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙanta. Ma'aikaciyar sashen haƙori ce a wani ƙaramin asibiti a Tsafe, ni kuwa ƙaninta, ɗan tireda ne a kasuwar Gusau, kuma cikin abin da nake sayarwa har da man goge baki.

Ba ta taɓa shiga shagona ta fita ba mu yi faɗa ba. Kafin ta zauna sai ta ɗauki kwalin man, ta juya bayansa, ta ƙanƙance ido tana neman kalma ɗaya cikin ƙananan rubutun nan: fuloraid. Shi ne, in ji ta, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori ya hana shi ruɓewa. In ba ta gan shi ba sai ta ajiye ta ce, "Wanga ai sabulu na mai ƙamshi. Mi kaka saida ma mutane, Sani?" Maƙwabtana har suna suka sa mata, Hajiya Mai Karatun Baya, ni ma ina taya su dariya.

Mu a nan da kumfa da yaji muke auna man goge baki. In ya cika baki da kumfa, ya yi wa harshe raɗaɗi, to ya yi kyau. Ita kuwa ta sha faɗa mana cewa kumfa ba ta tsare haƙori. Yawansa ma tsoro yake ba ta. Ta je bikin suna a Rawayya ta tarar da yara suna lasar man kamar alewa, ta tara iyayensu mata ta nuna musu: ɗan ƙarami kwatankwacin ƙwayar shinkafa, wanda ya tasa kamar ƙwayar wake, kuma a tofar, kada a haɗiye, don in ya yi yawa a jiki yakan ɓata haƙoran da ke shirin fitowa.

Ban san me za ta ce ba da ta ga kasuwarmu yau. Ga na gawayi, ga na ganye, ga wanda ake talla a waya wai yana mayar da haƙori fari fat cikin kwana uku, wasu ma da rubutun da ba mai iya karantawa a duk layinmu. Ni ma na sari irinsu, don suna tafiya. 'Yan tireda daga 'Yankuzo da ƙauyukan Bungudu a wurina suke ɗauka, kuma ɗaya daga cikinsu muke amfani da shi a gida.

Watan jiya na kai 'yata asibiti. Shekararta takwas, sunan Yaya ta ci. Kuncinta ya kumbura, kwana biyu ba ta tauna komai ba. Aka duba, haƙorin turmi ɗaya ya ruɓe har ƙasa, sai cirewa. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambayi man da muke ba ta. Da na koma shago na juya kwalin da hannuna, na bi layi-layi, babu kalmar nan. Ban ce laifin man kaɗai ba ne, akwai alewa da lemon kwalba, kuma ni ke kawo su. Amma an gaya mini, an maimaita, na mayar da abin wasa. Da na sani ƙeya ce, kuma kunya nake ji ƙwarai.

Na sauke wannan man daga kantar shagona. Masu neman sa sukan tsallaka shagon kusa su saya, in na yi musu bayani su ce Sani ya zama likita. Abin da ya saura na Yaya ke nan: maganarta a bakin wanda ya ƙi jin ta tana raye, da sunanta a kan yarinyar da ban kiyaye ba.

Ma'aikaciyar ta ce mini wannan turmin ba na famfara ba ne, shi ne na dindindin, wani ba zai maye gurbinsa ba. Kullum da safe Hauwa'u kan sa harshe a gurbin ta tambaye ni, "Baba, yaushe sabon za ya hito?" Har yau ban iya gaya mata ba.