Inna Na Kai Gwajin Ido, Ni Na'ura Ta Kama

'Yan uwa, yau na raka mara lafiya asibiti, ashe ni ce ita.

Kakata Inna ta tsallako daga Maraɗi, don an kawo wa asibitinmu na Jibiya na'ura mai ɗaukar hoton cikin ido, kwamfuta ta duba jijiyoyin jini ta gano cuta. Inna na ganinta ta ƙi zama. Ta ce, "Ba na kai idona gaban abin da ba ya ƙiftawa."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Tsohuwa, matsa ki gani." Na ɗora haɓata a kan na'urar. Haske ya walƙa.

Sai ga idona a allo kamar jan wata, jijiyoyi sun bazu kamar rassan gulbi da damina. Na shagala har na manta inda nake.

Ma'aikaciyar ta ce, "Kina yawan ciwon kai?" Na ce rana ce. Ta ce kwamfuta ta ga jijiyoyin sun tsuke. Ta auna jinina, ya hau sosai! Ta ce in fara magani yau, in ina son ganina.

Inna ta zauna aka duba nata idon, ƙalau. Ta riƙe hannuna har wurin karɓar magani, tana cewa, "Taka a hankali, tsohuwa."