Matta Magini da Gonar da Aka Yi a Kan Soro

Rufin gidan hayar Liatu Ishaya da ke Sabon Garin Funtua bai faɗi ba. Daminar bana, ta 1964, ta wuce, ɗakuna takwas suna tsaye, 'yan haya takwas suna da rai, har da wanda ya kusa jawo akasin haka. Mutumin da ya tsare rufin shi ne Matta magini, ɗan wani ƙauye kusa da Malumfashi, wanda ranar Asabar da ta wuce ya jingina tsaninsa a bayan gidan ya ce ya gama hawa. Shekara ashirin da shida yana kula da rufin gidajen haya tara a unguwar, kuma babu ɗaya da ya taɓa rubzawa a kan mutum. Ba a yi masa taro ba, ba a yi masa jawabi ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Aikin Matta yana farawa ne a lokacin da kowa yake barin nasa. Da hadari ya haɗo, mutane na gudun gida, shi sai ya kifa buhu a ka, ya naɗe ƙafar wando, ya fita. Gida-gida yake bi cikin ruwa, kai a ɗage, yana duba indararo. In indararo yana zuba, rufi lafiya. In ya yi shiru, ruwa ya kwanta a sama, kuma ruwan da ya kwanta a kan soron ƙasa ba zama ya zo yi ba, hanyar sauka yake nema. Da bazara kuwa, kafin ruwan fari, yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin jaki, ya bar ta ta jiƙu kwanaki, sannan ya hau ya yi yaɓe, ya bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa.

Liatu tana cikin masu gidajen nan tara. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya huɗu da wannan gida. Ba ta da gona, ba ta da kanti. In rufin ya faɗi, ba ta da abin da za ta tayar da shi. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, domin sauran labarin yana ba da dariya, amma ita ba ta yi dariyar ba sai daga baya.

Ta ga 'yan haya iri-iri, kuma duk abin da suka ɓata hannun Matta yake komawa. Akwai akawun da ya buga ƙusa arba'in da ɗaya a bangon ƙasa don rataye kaya, kowace ƙusa in ta fita sai ta tafi da ɓangaren bango. Akwai wanda ya ɗaure tunkiya a cikin ɗaki har ta lashe gindin gini. Akwai kuma Sada, wanda ranar da zai tashi ya cire ƙyauren ɗakin ya ɗora a kan jaki. Da aka tare shi a bakin titi, ya ce kwaɗon da ke jikin ƙyauren nasa ne, makulli ne ya ɓata, shi kuma ba zai bar kayansa ba. Matta ya ciro guduma daga aljihu, ya ɓalle kwaɗon da bugu ɗaya, ya miƙa masa, ya ɗauko ƙyaure a ka ya dawo.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne in an kwatanta da Aƙilu.

Aƙilu mutumin Matazu ne, manomi ɗan manomi, ya zo Funtua bara aikin lebura a wurin gurzar auduga. Ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa, yana gaida Liatu safe da yamma har ƙasa. Ta sha faɗa wa maƙwabta cewa da duk 'yan haya irinsa ne da ta huta.

Ranar Talata, ashirin da takwas ga Yuli, aka yi ruwa mai ƙarfi da la'asar. Matta ya tsaya a gabas da gidan yana duba indararo. Na farko yana zuba, na biyu yana zuba, na uku ko ɗigo babu. Da ruwa ya ɗauke ya kafa tsani. Tun bayan yaɓen bazara bai hau wannan soro ba, saboda gwiwarsa ta hagu ta fara ƙin hawa. Ya hau a hankali, ya leƙa ta bakin rufin, ya daɗe yana kallo. Kunya uku ce a jere, an yi musu noma tsaf. Kabewa ta yi yaɗo har ta fara fure, kuɓewa tana gefe, ruwa kwance a tsakanin kunyoyin, bakin indararo kuwa an cusa masa tsumma an bi da laka.

Ya sauko ya zauna a kan turmi. Liatu ta fito daga madafa.

"Baba Matta, lafiya na ga ka zauna?"

"Lafiya lau, uwar gida. Ashe kina da gona ba ki faɗa mini ba?"

"Wace gona? Ni da ko tukunyar barkono ban ajiye ba?"

Ya nuna sama da ɗan yatsa. "Kuma ta yi kyau," ya ce.

Da Aƙilu ya dawo daga aiki ya tarar duk gidan yana tsakar gida yana jiransa. Bai yi musu ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda aka ɗauki zancen.

"Inna, ni da idona na ga Baba yana zuba taki," in ji shi. "Kwando goma sha biyu na kashin jaki! A Matazu, wanda ya zuba taki haka bai shuka komai ba, 'yan uwansa sai su fara neman masa magani."

"Rufi ne, Aƙilu! Rufin gidana ne!"

"Ta ƙasa ne yake rufi, Inna. Ta sama ai fili ne. Ba mai bi, ba akuya, ba ɓarawo."

"Indararon fa?" Matta ya tambaya.

"Baba, ka san an yi fari kwana goma a watan nan. Ruwa ya zo, in bar shi ya zube a titi?"

Raufu tela, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, yana tsaye da almakashi a hannu. Mako biyu ke nan yana jan keken ɗinkinsa daga wannan kusurwa zuwa waccan saboda yoyo, har ya faɗa wa abokan cinikinsa cewa Matta ya tsufa.

"Tsaya, tsaya," ya ce. "A kan ɗakin wa gonar take?"

"Naka, Malam Raufu. Nawa gefen gangare ne, ba ya riƙe ruwa."

"Wato mako biyu ina kwana a ƙarƙashin kabewa? Iya, kin ji? Ni da na zo birni don in huta da gona, ashe gona ta biyo ni ta hau kaina!"

Liatu ta ce gobe da safe sai gaban alƙali. Aƙilu ya ce ko gaban wa za a je, ba a taɓa cire kabewa tana fure ba, a yi masa haƙurin mako shida ya girbe, Inna ma tana da kaso.

Matta yana jinsu yana lissafinsa. Kafin sammaci ya fito a saurari ƙara, mako biyu ne. Azarar da ke ɗauke da rufin, yadda ya ga ruwa ya zauna, ruwa uku za ta ƙara ɗauka, in an yi sa'a huɗu. Washegari ya gwada hanya mai sauƙi, ya zura doguwar gora ya buɗe indararon. Kafin azahar an sake toshe shi. Nan ya tabbatar da abin da ya riga ya sani, domin shi ma ɗan manomi ne: ba a raba manomi da shukarsa da tsawa. Kuma shi ba zai iya kwana a kan soro yana gadi da wannan gwiwa ba.

Ya tara su da yamma.

"Na duba," ya ce, "Aƙilu yana da gaskiya. Shi ya shuka, gonarsa ce."

"Baba Matta!" in ji Liatu.

"Sai dai a garinmu, mai gona shi ke zama kusa da gonarsa, ba maƙwabci ba. Ko a Matazu ba haka ake ba?"

"Haka ake, Baba."

"To, ku yi musayar ɗaki da Raufu."

Aƙilu ya yarda nan take, don ɗakin Raufu ya fi girma kuma yana kallon titi. Raufu ya kwashe kayansa cikin minti ashirin, abin da bai taɓa yi wa ɗinkin kowa ba. Akwai abu ɗaya da ba a faɗa a tsakar gida ba, kuma ya kamata a rubuta shi a nan. Kafin Aƙilu ya shiga, Matta ya kafa manyan itatuwa biyu a cikin ɗakin, ya tokare azarar da su. Ya ce masa na rataye riga ne. Tsoro yake so mutumin ya ji, ba mutuwa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka sake ruwa. Aƙilu yana zaune a sabon ɗakinsa da tuwo a gaba, sai curin laka ya faɗo tsakiyar miya. Ya ɗaga kai. A tsakanin azara biyu ga wani farin zare yana reto, ruwa na bin sa yana ɗiga. Duk gidan babu wanda zai gane wannan zare da sauri kamar shi. Ya fito a guje da miya a gaban riga, ya tarar da Matta a gabas da gida, buhu a ka.

"Baba! Saiwa ta fito ta cikin ɗaki!"

"Na sani."

"Tawa ce?"

"Taka ce. Ka iya noma."

Aƙilu ya tsaya cikin ruwa yana tunani irin na manomi. Saiwar da ta huda ta fito, babu sauran ƙasa a ƙarƙashinta. Abin da ke ƙarƙashinta shi kansa ne. Bai jira tsani ba, ya bi ta katangar baya inda ya saba hawa, ya zare tsumman da hannunsa. Ruwan da ya taru ya fito da ƙarfi ɗaya, ya sauka a kan Raufu, wanda ya fito kallo ya tsaya daidai inda mako biyu ba a ga ruwa ba.

Gyaran ya ci kwana huɗu. Matta ya hana a tuge shukar, domin saiwa za ta taho da rufin. Aka yanke ta daga gindi, aka kwashe ƙasar, aka tarar azara uku sun fara ruɓewa, aka canza su. Aƙilu shi ya yi kwaɓi, shi ya yi jigilar ƙasa a ka, kuma an ji shi yana roƙon a rage takin. Liatu ta fasa zuwa wurin alƙali. Ta ba shi wani ɗan fili a bayan gida, ya shuka sabuwar kabewa a jikin bango.

Da aka gama ne Matta ya faɗa wa Liatu abin da ke ransa. "Da gwiwata tana nan, ranar da kabewar ta tsiro zan gan ta. Wanda ba ya hawa bai kamata ya riƙe tsani ba. In damina ta wuce, ki nemi wani."

Baba Matta, kai ne ka tsaya cikin ruwa shekara ashirin da shida don waɗansu su kwana a bushe. Kai ne mai gida yake kira in an yi masa ɓarna, ɗan haya kuma ya zage ka in ɗakinsa ya yi yoyo, ko da shi ya jawo. Kai ne ka tokare rufi a kan mutumin da ya kusa rushe shi, ka ce masa wurin rataye riga ne. Mai duba indararo, wanda soronsa bai taɓa kashe kowa ba. Gidajen nan tara ba su ɗauke da sunanka, amma hannunka ne yake riƙe da su. An gode. Allah ya ba gwiwar sauƙi.

Ga masu gidajen haya na Funtua da Malumfashi, akwai abin koyi a nan, kuma ba mai wuya ba ne: a riƙa hawa ana dubawa, ba sai laka ta faɗa a miya ba. Ga samari masu neman sana'a, tsanin yana nan, kuma mai shi ya ce zai koyar da duk wanda ya zo, daga ƙasa, yana zaune.

Zuwa jiya Laraba, mutum ɗaya ne ya nemi a ba shi tsanin. Aƙilu ne. Ya ce yanzu ya san soro ciki da waje fiye da kowa a unguwar, Matta kuma ya ce ba ƙarya ya yi ba. Liatu ba ta ba da amsa ba tukuna. Kabewar bayan gida kuwa ta kama bango tana hawa, kuma da aka auna jiya da safe, saura kamu ɗaya ta kai bakin rufin.