Yatsun 'Yar Fari

Na haifi 'yata ta fari a Badafi, a ɗakin mahaifiyata, cikin damina. Ungozoma ta yanke cibi, ta yi mata wanka, sannan ta buɗe hannuwanta ɗaya bayan ɗaya. A hannun dama ta tsaya. Yatsan tsakiya da na kusa da shi a haɗe suke, fata ta lulluɓe su daga tushe har kusa da farce. Ta nuna wa mahaifiyata. Ni ba a nuna mini ba, ban kuma tambaya ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. Haka aka koya mini, haka na yi.

Ranar suna wanzami ya zo da zabirarsa. Aikinsa a jere yake: aski, cire beli, tsaga. Da ya gama, surukata ta ce ya duba hannun. Ya ce fata ce kawai, ya sha raba irinta. Ina ɗaki ina jin komai. Na ji kukan ya canza. Ƙawata ta kalle ni, na ci gaba da shan kunun kanwa.

Aka barbaɗa magani, aka naɗe da tsumma. Da aka kwance, yatsun sun sake haɗewa, wannan karon a tanƙware, da tabo mai tauri.

Shekarar da ta shiga firamare muka koma Tudun Wada. Fensir ba ya zama a hannunta. In ta mayar da shi hagu, malami ya doke ta. Mahaifinta ya ce a kai ta asibiti, na kai ta.

Likitan ya buɗe tafinsa ya yi mini bayani daki-daki. Ya ce hannun kowane jariri a ciki kamar ƙafar agwagwa yake farawa. In lokaci ya yi, naman da ke tsakanin yatsu sai ya mutu da kansa, jiki ya shanye shi, ba jini ba ciwo. Mutuwar tana cikin tsarin halitta, ba don ita ba da babu mai yatsu. A nata, wani ɓangare ne bai mutu ba. Ya ce ciwon daji ma kusan haka yake, nama ne da ya ƙi mutuwa a lokacinsa.

Sannan ya danna tabon, ya tambayi wanda ya yanka. Na faɗa masa. Ya ce da an bar shi, ƙaramin aiki ne a Kano. Yanzu aska ta taɓa jijiya. Za a iya rabawa, amma ba za su miƙe ba.

A hanyar gida ta riƙe gefen zanena. Yaya take kirana, kamar yadda 'ya'yan fari suke yi.

"Yaya, da aka yanka kina ina?"

"Ina ɗaki."

Na saya mata rake.

Washegari na dafa koko, na yi shara, na ɗauki mayafi na raka ta makaranta. Na gaida malamin, na ce masa daga yau da hagu za ta yi rubutu, kada a sake dukanta.

Ya dube ta, ya dube ni.

"'Yarki ce?"

"'Yar gidanmu ce," na ce.