Baba Kadi da Sanda Mai Yafiya

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai na ji ƙarar babur ɗin maigidana Nasiru a ƙofar gida. Tun da sassafe ya tafi asibiti wurin kakansa, wanda ya kwana uku a kwance da ciwon ƙirji. Ya shigo ya tsaya a bakin zaure, hular tsohon a hannunsa. Ya daɗe yana kallon tukunyar da ke kan murhu, sannan ya ce, "Ki ƙara ruwan nan, za a yi baƙi."

Abin da ya iya faɗa ke nan, ni kuma na gane. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Ibrahim, wanda duk Birnin Gwari ta sani da Baba Kadi, ya amsa kiran Ubangijinsa.

Malamai da dattawa sun riga sun faɗi abin da suka sani na ibadarsa da zumuncinsa, kuma sun fi ni sani. Ni matar jikansa ce, shekara biyu kawai na yi da shi a gida ɗaya. Na ɗauki alƙalami ne domin akwai alherin da ya yi mini wanda ba kowa ya sani ba, kuma ina tsoron in yi shiru ya tafi ba a faɗa ba.

Sunansa ne ya fara ruɗa ni. Lokacin da ake maganar aurenmu aka ce mini Nasiru jikan Kadi ne. Ni kuwa tun ina makaranta ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, kuma a cikinsu in aka ce Kadi, babban alƙali ake nufi, mai rawani da direba da gida mai bene. Na kwana na tashi ina ƙawata gidan a zuciyata, har labulen falo sai da na zaɓa masa launi. Da aka kawo ni sai na tarar da gidan ƙasa mai rufin kwano, da wani siririn tsoho a ɗakin zaure yana goge wata sanda mai kan ƙarfe da tsumma. Bayan kwana bakwai na yi ƙarfin hali na tambaye shi a wace kotu ya yi aiki. Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

"Amaryata, kotun tawa ciyawa ce. Ni kadin jaka ne."

Ya yi mini bayani cewa ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a wani filin golf a Kaduna, wasan nan da a rediyo wani lokaci ake ce wa ƙwallon lambu. Kadi shi ne mai ɗaukar jakar sanduna yana bin ɗan wasa, yana duba nisa da iska, yana miƙa masa sandar da ta dace da kowane bugu. Daga ranar yake kirana amaryarsa, yana cewa aro ya ba jikansa, duk ranar da ya ga dama zai karɓi abarsa.

Aikin nan bai bar jikinsa ba har ya rasu. In yana tafiya ya ga rami a hanya sai ya tsaya ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe, yana cewa, "Duk inda aka tona, wani na tafe a baya." In mutum yana wani aiki mai son natsuwa, ko zare ake sa wa allura, Baba ba ya magana sai an gama, domin a wurinsu ba a yi wa mutum magana yana kan bugu. Matan unguwarmu kuwa in za su yi shiƙar dawa sukan aiko a tambaye shi ina iska ta dosa. Sai ya tsinki ciyawa ya watsa sama, ya nuna da haɓa. Ban taɓa jin ƙaiƙayi ya koma wa wadda ta bi maganarsa ba.

Ni ce nake kai masa abincin rana. Yakan buɗe kwano ya ɗanɗana, ya ce, "Yau ke kika yi miyar ko littafin?" In yi dariya in wuce. A lokacin na ɗauka wasan kaka ne kawai.

Abin da zan faɗa yanzu da kunya, amma in na ɓoye shi ba za a san girman mutumin ba. Shekarata ta farko a gidan nan ban ji daɗinta ba. Maigidana ba ya zagi, ba ya hana ni komai, amma ba ya magana. Yana fatauci ne, yana sayo masara daga Kuyello da Randagi a kan babur, ya fita da safe ya dawo da ƙura har gira. Ni kuwa ina jiran kalaman da na saba karantawa. Na zauna na rubuta masa wasiƙa shafi biyu, na zuba duk abin da na iya, na fesa mata turare na sa a aljihun rigarsa. Bai ce komai ba. Na jira mako, na jira wata. Bayan wata uku ina neman ashana na ɗaga kujerar babur ɗinsa, sai ga wasiƙata a naɗe tare da tsohon fulogi, baƙin mai ya ɓata rabinta.

Ranar na haɗa kayana a jaka. Na yanke cewa gidanmu zan koma, kuma ba yajin kwana biyu nake nufi ba. Amma ba a fita gidan nan sai ta zaure, Baba kuma yana zaune. Na durƙusa na ajiye wasiƙar a gabansa, ina kuka na ce, "Tunda Kadi ake ce maka, yau ka yi shari'a."

Ya dubi jakar, ya dubi takardar, bai karanta ba. Ya ce, "Za a yi. Amma akwai mai ƙara a gabanki. Ɗauko mini gwangwanin ƙwallayen nan ki biyo ni."

Mai ƙarar ashe baƙo ne da ke jiransa a ƙofar gida, Malam Bulus, tsohon hedimastan firamaren unguwarmu, mutumin kudancin Kaduna da ya yi shekaru a garin nan kafin ya yi ritaya ya koma Kaduna. Likita ya ce masa ya riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini, abokai suka ja shi golf, shi ne ya zo da sanduna biyu da wani mai gwanjo ya ba shi ya gwada, domin Baba ya zaɓar masa ɗaya. Muka fita bayan gida, gonar da aka girbe masara, inda ake hango bakin daji. Akwai wata ɗorawa can nesa, ita Baba ya ce a nufa.

"Nawa ne handikaf ɗinka yanzu, Malam?" in ji Baba.

"Ashirin da shida."

Baba ya juyo gare ni. "Lamba ce da ake ba kowane ɗan wasa. In ta yi ƙasa, gwani ne. In ta yi sama, mai yawan kuskure ne. Hedimasta dai yana ajin 'yan baya."

"Ka ji tsohon nan," in ji Malam Bulus. "Ni da na koya wa jikokinka karatu."

"Shi ya sa har yau ba su iya ba. Buga mu gani."

Sanda ta farko siririya ce mai sheƙi, kanta kamar wuƙa, kuma ita Malam Bulus yake so, domin irinta ya ga gwanaye na riƙewa. Ya buga sau biyar. Ɗaya ya tashi ya tafi har kusa da ɗorawar, gwanin kyau. Biyu suka tona ƙasa suka gangara nan gabanmu, ɗaya ya yi dama, ɗaya ya shige ciyawar bakin daji. Ya yunƙura zai bi shi, Baba ya ce, "Bar wa daji abinsa, yanzu ba a shiga neman ƙwallo."

"Amma ka ga na farkon nan?" in ji Malam Bulus.

"Na gani. Sauran huɗun wa ya buga su?"

Sai ya miƙa masa ta biyun, mai kai a dunƙule kamar rabin mangwaro. Ya ce Turawa haibirid suke ce mata, shi kuwa 'yar ruwa biyu yake kiranta, domin ta ɗauko daga sandunan ƙarfe ta ɗauko daga manyan nan na dogon bugu. Ya juya ta ya nuna mana gindinta mai faɗi, ya ce wannan ne ke sa ta zame a kan ciyawa maimakon ta nutse a ƙasa. Ya ɗora kan a tafin hannuna in ji yadda nauyin ya taru a ƙasa da baya, ya ce shi ke ɗaga ƙwallo sama ko bugun ba ƙarfi, shi ke hana kan murɗewa in ƙwallo ya sami gefe. Ya lanƙwasa jikinta kaɗan ya ce mai taushi ce, daidai da hannun dattijo, domin mai tauri sai matashi mai saurin bugu. Ya tsayar da Malam Bulus ya duba ko tsawonta ya yi masa, sannan ya tura ƙwallon cikin ciyawa mai kauri da ƙafarsa, ya ce a nan ake gwaji, ba a fili mai kyau ba.

Malam Bulus ya buga biyar. Babu wanda ya kai na farkon nan kyau, amma duka biyar ɗin sun tashi, duka sun doshi ɗorawar, har wanda ni kaina na ji ƙarar ya sami gefe.

"Wannan ita ake ce wa mai yafiya," in ji Baba. "Waccan sai ka same ta daidai tsakiya take yi maka aiki, in ka kauce da faɗin farce ta tona maka asiri. Ta gwanaye ce, mu kuwa gwanaye nawa muka taɓa gani? Kada ka zaɓi sanda da bugunka mafi kyau, Malam. Zaɓe ta da mafi muni, domin shi za ka fi yi."

Da baƙon ya tafi da sandarsa, muka koma zaure. Ni na riga na shirya amsata. Na ce, "Baba, na gane. So kake in zama mai yafiya, in haƙura da shi."

Ya ce, "Wa ya ce miki shi ne mai ashirin da shida?"

Na ɗago kai.

"Shekara guda ina cin tuwonki, amaryata. Rana ɗaya ya yi kyau, huɗu littafi ya dafa. Ni ina faɗa, domin ni tsoho ne, bakina ba ƙofa. Shi ya taɓa faɗa? Ranar da kika sa gishiri sau biyu, a gabana ya cinye ya ce a ƙaro." Ya ɗauki wasiƙar da yatsu biyu. "Wannan kuma, takardar da aka yar ba ta wata uku a ƙarƙashin kujerar babur. Kin san hanyar da yaron nan yake bi kullum, kin san ba kowa ke dawowa ba. Abin da yake tsoron rasawa a hanya shi yake sawa a nan, fulogi da takardarki. Bugun nasa ya sami gefe, ban musa ba. Ki duba dai inda ƙwallon ya dosa."

Ya ajiye wasiƙar a gabana. Sai ya koma gugar tasa sandar. Daga baya na ɗauki jakata na koma ciki. Wasiƙar kuma na naɗe ta yadda na same ta, na mayar ƙarƙashin kujerar. Baba bai taɓa gaya wa kowa ba, har jikan nasa. A wannan rubutun maigidana zai fara sanin cewa na taɓa haɗa kaya, kuma na nemi izininsa in rubuta wani abu da zai ba shi mamaki, ya ce, "To."

Ban daina karatu ba, Baba ma bai ce in daina ba. Sau da yawa yakan ce in ba shi labarin inda na tsaya, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Shi wannan saurayin mai daɗin baki, yaushe yake zuwa aiki?" Amma na koyi sauke tukunya kafin in buɗe shafi.

Ranar sadakar uku Malam Bulus ya zo daga Kaduna, ya zauna a tabarma cikin jama'a yana share hawaye. Ya aiko a gaya mini cewa lambarsa ta sauko zuwa ashirin da biyu, ya so ya zo ya yi wa tsohon gori, bai samu ba. Sandar Baba kuwa, tasa 'yar ruwa biyun da wani da ya daɗe yana ɗaukar wa jaka ya ba shi kyautar sallama, tana jingine a bayan ƙofar ɗakina. Ya bar wasiyya a ba amaryarsa.

Na sha karanta yadda ake kawo labarin mutuwa da kalamai masu sa kuka. Ni nawa mijin ruwa ya ce in ƙara. Da a shekarar farko ne da na riƙe shi da wannan har abada. Ranar Talatar nan kuwa tashi na yi na karɓi hular daga hannunsa, na shimfiɗa masa tabarma, na ƙara ruwan.

Ya Allah, bawanka Ibrahim ya zo gare ka. Ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar kayan wasu, yana rufe ramukan da ba shi ya tona ba. Kai ne Mai yafiya, kana son yafiya, ka yafe masa. Kada ka duba mafi munin aikinsa, ka karɓe shi da rahamarka, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ka tsare masu bin hanyoyin dajin nan su dawo gida lafiya, har da mai takardata a ƙarƙashin kujera. Gidan da tsohon nan ya riƙe da bakinsa, ka riƙe mana shi bayansa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.