Amfilfayar Baban Sadiya, Bayan Shekara Tara

Shekara tara ke nan cif da rasuwar maigidana, Baban Sadiya, Allah Ya jiƙansa. Abokan aikinsa na ma'aikata sun sha ba da shaidar riƙon amanarsa, ba ni da abin ƙarawa a kan nasu. Ni abin da zan tuna shi da shi a yau wani akwatin ƙarfe ne da ya zauna mana a falo shekara da shekaru, wanda na daɗe ina fatan a fitar min da shi daga gida.

Amfilfaya ce, wato injin da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya fita ta lasifika. Tsohuwar ƙira ce, mai kwalabe takwas na gilashi a jere kamar ƙwan fitila, in an kunna su yi jajur. Ya sayo ta ne da aka tura shi kwas ƙasar waje, ba da daɗewa ba bayan farar hula sun karɓi mulki. Lokacin Abuja na bunƙasa, ko'ina gini, abokansa na dawowa da tafka-tafkan talabijin. Shi kuwa wannan ya rungumo a cinya tun daga filin jirgi har gidanmu na Nyanya.

Gaskiya in tana lafiya sautinta akwai daɗi. Yakan sa faifan goge ko waƙoƙin Sudan bayan la'asar, ka ji kamar makaɗan na zaune a gabanka. Sai dai lafiyar tata ba ta wuce wata biyu. Yau ta kama gurnani, gobe ta yi ta ƙarar tas-tas kamar ana soya gyaɗa. In an ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, kwalba ta ƙone. Ita da janareto kuwa ba sa ga maciji da juna. Kwalaben ba a samun su a kasuwa, sai an jira mai tafiya waje, kuma bibbiyu ake canjawa. Ga zafi. Ni da kaina na taɓa shanya hularsa a kanta da damina, har sai da muka jiwo ƙauri daga kicin. Bai yi faɗa ba. Injin ya fara dubawa, sannan hular.

Mutum ɗaya ya yarda ya taɓa masa ita: Baba Lasisi, wani dattijon Bayarabe mai gyaran rediyo, da ke da ɗan shago a bayan rumfunan makanikai na Apo. Duk sanda ta lalace, Asabar da safe za mu naɗe ta da bargo, mu kutsa cikin cunkoson motocin Nyanya, ni a kujerar baya ina tallafe da ita kada ramin hanya ya girgiza kwalaben.

Wata shekara ya fara ƙorafin lasifikar hagu ta yi sanyi. Ya canja kwalabe, ya canja waya, bai daina ba. Ni ina jin duka ɓangarorin daidai, amma ban ce komai ba. Na saba shi ne mai kunnen jin irin waɗannan abubuwa, kuma injin ya yi laifi sau da yawa har ba wanda zai tsaya masa. Wata takwas muna haka.

A zuwanmu na uku kan wannan magana, Baba Lasisi ya gwada ta da mitarsa, ya saurara, ya sake gwadawa. Sai ya ce wa Baban Sadiya ya zauna a benci ya juya wa lasifikokin baya. Ya kunna.

"Yanzu wanne ta yi sanyi, Oga?"

"Har yanzu na hagu," in ji Baban Sadiya.

Baba Lasisi ya kashe injin, ya goge hannu da tsumma. Ya ce, "Oga, ka juya baya, hagu ya zama dama. Amma kai hagu kake ji. Wannan karon injin ba shi da laifi. Ka je ka ga likita, don Allah."

A hanyar gida, da muka wuce gada, sai ya kira ni. Ya ce, "Maman Sadiya, ke kina jin na hagun?" Na ce ina ji. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun farko. Ya gyaɗa kai kawai. Har yau in na tuna watannin da na yi shiru, zuciyata na sosuwa, ko da yake shi bai taɓa tayar min da zancen ba.

Likitoci suka gano ƙari a bayan kunnen. Suka ce da an ƙara jinkiri da aikin ya fi ƙarfinsu. An yi masa tiyata, kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, amma Allah Ya ara masa shekara shida bayan nan. A cikinsu ya aurar da 'yarmu Sadiya, ya ɗauki jikansa na fari, muka sauke farali tare.

Na ɗauka zai rabu da amfilfayar. Ina! Sai ya ƙirƙiro wata al'ada: ya zaunar da ni a damansa, ya ce in riƙa faɗa masa abin da ke fitowa ta ɗaya ɓangaren. Ni da ban san bambancin goge da kukuma ba, a haka na koya.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, kowa ya toshe kunne da 'yan ƙananan abubuwa, waƙa dubu a waya, ba mai ƙonewa, ba mai gurnani. Ina jin zai yaba, don ba mai ƙin sabon abu ba ne. Amma zai tambaya, to wa ke zama ya saurara tare da wani? Zai kuma nemi shagon Baba Lasisi ya tarar an rushe, an yi wurin wankin mota. Dattijon yanzu ya koma garinsu. Amma lokacin rasuwar Baban Sadiya, kwana uku ya yi yana zuwa zaman makoki daga Apo, ya zauna can ƙarshen tabarma.

Abin da Baban Sadiya ya bari ba shi da yawa: gida ɗaya, littattafai, da 'ya'ya huɗu da ba sa katse mutum in yana magana. Wannan daga gare shi suka ɗauka. Da kunne ɗaya ya ƙare rayuwarsa, amma in ka zo masa da damuwa sai ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, ya ba ka wanda ya rage, ba ya tashi sai ka gama. Ban sake samun wanda ya saurare ni haka ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.